Zaman Makokin da Aka Yi Mini a Cikin Waya

Ranar da na sauka Amurka, tun kafin in sha ruwan ƙasar, aka yi mini gargaɗi biyu. Wani dattijo ɗan garinmu ne ya zo ɗaukata a filin jirgi da tasinsa. Ba mu haɗa jini ba, amma abokin mahaifina ne tun suna fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, don haka Kawu nake ce masa. Muna cikin mota ya ce, "Yaro, buɗe kunnenka. In ɗan sanda ya tsayar da kai, kada hannunka ya kusanci aljihu." Sai ya ba ni labarin Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, mai talla a bakin titi, wanda 'yan sanda huɗu suka buɗe wa wuta a ƙofar gidan da yake zaune a unguwar Bronx, cikin watan Fabrairun 1999. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi, alhali walat kawai ya ciro. Gargaɗi na biyu a kan baƙaƙen fatan Amurka ne. Ya ce, "Fatarmu ɗaya da su, amma ba irinmu ba ne. Ka gaishe su, ka wuce." Na haddace duka biyun kamar karatun allo.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Na ci lotirin biza, na yi intabiyu a Yamai, na bi ta Kazablanka na iso New York a ƙarshen 2018, ina da shekara 24. Faransanci na yi a lakwal, Turancina kuwa na kasuwa ne, wanda na tsinta a bakin 'yan Najeriya a kan iyaka. Mu biyar muke zaune a gida mai ɗaki biyu a Bronx, da gado uku. Masu aikin dare su kwanta da rana a inda masu aikin rana suka tashi. Da wankin mota na fara, daga baya na tara kuɗi na sayi keke mai batir, na shiga aikin kai abinci gida-gida. Waya ke ba ka aikin, ita ke nuna maka hanya, ita ke ƙirga maka mintoci. Lokacin hunturu yatsuna kan sandare har in kasa danna ta. Duk da haka ba watan da ya wuce ban aika kuɗi gida ba, kuma a lokacin da wannan nake auna lafiyar namiji.

Sai korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka rufe gari, aka rufe masallatai, mu masu kai abinci aka ce aikinmu na dole ne, mu ci gaba da fita. Titunan da na saba kutsawa tsakanin motoci suka yi fayau. Ba ka jin komai sai jiniyar motar asibiti, wata na ɗaukewa wata na tasowa. A bayan wani asibiti da nake wucewa kullum an jera manyan motoci masu firji, kuma kowa ya san abin da ke ciki. In na kai abinci sai in ajiye a bakin ƙofa in ja da baya, hannu ya fito ya ja leda, ƙofa ta rufe. Nakan wuni ban ga fuskar mutum a buɗe ba.

Azumi na goma, ina cikin sahur, ƙanen mahaifina ya kira. A gida hantsi ya riga ya yi. Ya ce, "Sai haƙuri. Alhaji lokaci ya yi." Hawan jini ne, ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba. Filayen jirgi a rufe, iyakoki a rufe, ko ina da kuɗin duniya ba hanya. Ƙanena ya ɗaga waya sama yana nuna mini sahun jana'iza ta WhatsApp. Hoton na tsayawa yana motsawa. Na ga makara, na ga ƙafafun mutane cikin ƙura, sai layi ya katse. Rabona da mahaifina ke nan.

Abokan zamana suka yi mini ta'aziyya, muka yi addu'a a tsaye a falo. Kawu ya kira ya ce, "Yanzu kai ne Alhaji. Ka daure, namiji ba ya kuka." Da azahar na hau keke na fita aiki, domin baki goma sha ɗaya suka dawo wuyana a wannan safiya. Da a gida nake, da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, mutane na zuwa suna zama suna tashi, ana cewa Allah ya jiƙansa ana amsawa da amin, har zuciya ta gaji da musu ta yarda cewa mutumin ya tafi. Ni ko awa ɗaya ban zauna ba.

Ranar Lahadi 24 ga Mayu muka yi idi a falo, mu biyar. Washegari aka kashe George Floyd, wani baƙar fatan Amurka, a Minneapolis. Bidiyon nan na kalle shi ba adadi. Ba son kallo nake ba, amma da na kwanta sai hannuna ya kai kansa. Ƙaton mutum kwance a kan kwalta, gwiwar ɗan sanda a wuyansa fiye da minti tara, yana kiran mahaifiyarsa. Wannan kiran ne ya tsaya mini a rai. Gari ya rikice da zanga-zanga, a farkon Yuni aka sa dokar hana fita da dare. An ce ba ta shafe mu ba, amma duk motar 'yan sanda da na hanga sai maganar Kawu ta faɗo mini, in ƙanƙame kan keke da hannu biyu. A cikin makon ne wasu samari uku suka tare ni a wani lungu, ɗaya ya zaro wuƙa, suka tafi da keken da na saya dalar Amurka 1,800. Dukkansu da takunkumi da hula, ga duhu, ban ga kowa sosai ba. Amma kafin in isa gida na riga na yanke hukuncin ko su wane ne. Na ce Kawu ya yi gaskiya.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. In kwanta ƙarfe ɗaya, ƙarfe uku idona biyu, gabana na faɗuwa ba dalili. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Sallar da nake samun hutu a cikinta ta yi mini nauyi, in kabbarta in sallame ban san abin da na karanta ba. Inna ta kira, in bar wayar tana ruri har ta gaji, sannan in tashi in aika kuɗi, kamar kuɗin ne zai amsa mata. Wata rana a cikin jirgin ƙasa ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya ƙi shiga, hannuwana suka yi sanyi ƙalau. Na sakankance ciwon Alhaji ne ya biyo ni. A asibiti aka auna zuciyata, aka ɗebi jini, aka ce komai lafiya, firgici ne. Kunya ta rufe ni. A ganina na lokacin, likita ya tabbatar ba abin da ke damuna sai ragwantaka.

Na ɗan gutsura wa Kawu. Ya ce ko sammu ne, tunda ba kowa ke murna da tafiyar mutum Amurka ba. Ya kai ni wurin wani malami ɗan Gana, ya yi mini tofi, ya ba ni rubutu. Na sha da imani, kuma har gobe in aka ba ni zan sha. Amma dare bai canza ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tunani ya fara zuwa mini cewa da babu ni da kowa ya huta. Na san hukuncin wannan a addini, kuma sanin ne ya ninka mini azaba, domin sai nake ganin imanina ne ya ruɓe. An raine mu da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na haɗiye.

A ƙarshen Yuni aka bar masu aski suka buɗe. Ɗan Senegal ɗin da ke yi mana bai dawo ba, ga suma ta wata uku, dole ta sa na shiga shagon wani baƙar fatan Amurka da nake wucewa kullum ban taɓa ko leƙawa ba. Dattijo ne, zai kai sittin. Yana cikin aski sai ya kashe injin, ya ɗauko ƙaramin madubi ya nuna mini ƙeyata. Gashi ya zube a wuri ɗaya, faɗinsa kamar kwabo, fata na sheƙi. Ya ce, "Ƙanena, yaushe rabonka da barci?" Na ce lafiyata lau. Ya ce, "Ba lafiya na tambaye ka ba. Barci na tambaya." Ya ce ya fi shekara talatin yana riƙe kawunan maza, kuma ya ga irin wannan tabo a kan waɗanda suka dawo daga yaƙi, da waɗanda suka fito daga kurkuku, da waɗanda suka binne ɗa. Ban san lokacin da bakina ya ce mahaifina ya rasu ba. Ya ɗora hannu a kafaɗata, bai ce komai ba, ya daɗe a haka. Da zan fita ya rubuta mini wani abu a bayan katinsa. Ya ce wani zaure ne a intanet na samari baƙaƙen fata, ɗan 'yar'uwarsa na ciki. "Ba sai ka yi magana ba," in ji shi. "Ba sai ma sun ga fuskarka ba."

Mu da muka tashi da wanzami mun san wanda ke riƙe kanka ya san sirrinka. Ashe a nan ma haka ne, har wani bawan Allah mai suna Lorenzo Lewis ya kafa ƙungiyar The Confess Project a Little Rock ta jihar Arkansas a 2016, yana koya wa masu aski yadda za su gane damuwa a jikin wanda ya zauna a kujerarsu, su saurare shi, su nuna masa inda zai je.

Katin ya yi mako uku a aljihuna. Maganarsa ta ƙarshe ce ta ja ni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa fuskar nake gadi. Wanda bai zauna cikin 'yan garinsu a ƙasar waje ba, ba zai gane ba. In aka gan ka da safe kana shiga asibitin masu taɓin hankali a Bronx, kafin magariba labari ya isa Maraɗi, kuma ba kai kaɗai zai taɓa ba. Ina da ƙanne mata uku da ba su yi aure ba. Wa zai zo neman aure gidan da aka ce yayansu ya haukace? Amma wannan zaure ba shi da ƙofar da za a gan ni ina shiga. A gidanmu ba wurin keɓewa, don haka na hau matakalar bene can sama, hawa na ƙarshe inda ba mai wucewa, na sa abin sauraro a kunne.

Mu goma sha huɗu ne, daga shekara 18 zuwa 30, warwatse a jihohi daban-daban. Jagoranmu ma'aikacin jin daɗin jama'a ne da ya karanci ba da shawara, shi ma baƙar fata. Sai da ya kira ni ni kaɗai muka yi magana kafin ya shigar da ni. Kowace Alhamis da dare akan haɗu ta Zoom na awa ɗaya da rabi, sauran kwanaki kuma akwai rufaffen zaure na rubutu. Abin da aka faɗa a ciki, a ciki yake kwana. Ba a ba mutum shawara sai ya nema, kuma wannan dokar ta fi kowacce yi mini daɗi, domin na ƙoshi da shawara. A farkon zama kowa zai faɗi lamba daga ɗaya zuwa goma, gwargwadon yadda makonsa ya kasance. Ranar Litinin jagoran kan ajiye abin tattaunawa, wani lokaci labarin da ke tashe, wani lokaci baitin waƙa, wani lokaci tambaya tsirara, kamar wa ya fara ce maka kada ka yi kuka, kuma shekarunka nawa a ranar. Ya gaya mana ba shi ya ƙirƙiro salon ba. Farfesa Daphne Watkins ta Jami'ar Mishigan ta daɗe tana irinsa da shirinta mai suna YBMen, inda ake tara samari baƙaƙen fata a rufaffun zauruka na Facebook na tsawon makonni, ana bi ta abin da suke kallo da saurare a kai ga abin da suke ɓoyewa.

Mako huɗu kyamarata a kashe, bakina a rufe. Lamba kawai nake rubutawa, biyar, biyar, biyar, kuma duk ƙarya ce. Ba wanda ya matsa mini. Na zauna a kan siminti ina sauraro.

Akwai direban bas daga Detroit da korona ta kashe abokan aikinsa. Ya ce in ya kai ƙarshen layi, fasinjoji suka watse, yakan kifa kai a sitiyari ya yi kuka, ya share ido ya juyo da mota. Akwai wanda ya fito daga kurkuku, shekara biyu ke nan amma ba ya iya barci sai fitila na kunne. Sai kuma wani ɗalibi daga Atlanta, shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, dangi duka sun zuba masa ido, yana gutsurar kuɗin makarantarsa yana biya wa mahaifiyarsa haya. Ya faɗi jarrabawa, ya kasa gaya mata, ya daina ɗaukar wayarta. Da na ji wannan sai da na cire abin kunnen na tashi tsaye. Ni a zatona mu 'yan Afirka ne kaɗai ke ɗauke da gida a ka. Ga mutumin da aka ce in gaishe shi in wuce, yana karanta mini abin da ke cikin cikina.

A mako na biyar tambayar a kan uba ce. Na rubuta da Faransanci, waya ta juya mini zuwa Turanci, na karanta sau biyar kafin in tura: mahaifina ya rasu wata uku da suka wuce, ban ga kabarinsa ba, kuma ban yi kuka ba. Aka yi tsit. Can sai direban bas ya ce, "Ɗan'uwa, a garinku me kuke yi in uba ya rasu?" Na buɗe murya a karon farko. Da Turancina mai gurgunta na kwatanta musu tabarmi, da kwana uku, da yadda mutum zai zo ya zauna kusa da kai ba sai ya yi dogon zance ba. Ya ce, "Kai wa ya zauna da kai?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To, mu za mu zauna."

Juma'a, Asabar, Lahadi, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na dare, suka buɗe zauren. Wannan ya shigo daga cikin motarsa, wancan daga kicin yana wanke kwanuka, direban bas da kayan aikinsa a jiki. Mutum ya shigo, ya zauna minti ashirin, ya fita, wani ya shigo. Suka tambaye ni me ake cewa. Na koya musu "Allah ya jiƙansa", harshensu ya kasa, sai na koya musu "sannu". Na ce ita ce kalmar da muke faɗa wa wanda ya sha wahala, ko mai ciwo, ko mai ɗauke da kaya, don ya san an gan shi. Wani Musulmi ɗan Philadelphia da ke cikinmu ya karanta Fatiha. Na san wani zai ce kwanakin makoki sun wuce, kuma yawancin mutanen nan ba Musulmi ba ne. Ni ban ɗauke shi a matsayin ibada ba. Mutane ne suka ga maraya zaune shi kaɗai a kan matakala, suka zo suka zauna.

Dare na biyu suka ce in ba su labarinsa. Na ce mutum ne mai kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yaba mini a gabana ba. Ina yaro yakan goya ni a babur zuwa kasuwar Jibiya, in muka isa ya saya mini tsire ya juya baya kamar ba shi ya saya ba. Ranar da zan tafi ya raka ni tashar motar Yamai, ya riƙe hannuna yana kallon wani wuri daban, bai saki ba har direba ya yi hon sau biyu. A nan maganar ta tsaya mini a wuya. Na yi kukan da na riƙe tun azumi na goma, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ciki, kuma ba wanda ya ce in daure. Ina ɗagowa na ga allon wayata cike da kalma ɗaya, kowa da yadda ya rubuta ta: sannu, sanu, sannu. A dare na uku na kunna kyamara.

Bayan haka cin amana ne in ci gaba da ɓoye musu abin da na shigo da shi. Na gaya musu gargaɗin Kawu, da sunan raini da 'yan Afirka ta Yamma ke kiransu da shi a bayan ido, da hukuncin da na yanke ranar da aka ƙwace mini keke. Zaman ranar bai yi daɗi ba. Wani ya fusata ƙwarai. Ya ce iyayensu ne suka sha duka da cizon karnuka a gwagwarmayar neman 'yanci, a cikin wannan guguwar aka sauya dokar shige da fice a 1965 ƙofa ta buɗe wa irinmu, sannan mu shigo muna yi musu kallon banza. Ban da amsa, gaskiya ya faɗa. Wani kuma ya amsa cewa su ma suna makaranta sun riƙa tsokanar yaran Afirka a kan sunayensu da lafazinsu. Sai wani haifaffen Bronx ya ce yana ɗan shekara takwas mahaifiyarsa ta riƙe hannunsa suka fita zanga-zangar Amadou Diallo. Ya ce, "A cikin harsasan nan 41 ba wanda ya tsaya tambayarsa ko daga Gini yake. Mu ma ba mu tambaya ba, muka fito." Ashe tun a cikin tasi gargaɗin farko ya rushe na biyu, ni ne ban lura ba.

Kuka ya sauƙaƙa mini, amma bai warkar da ni ba. Wannan nake so duk mai karantawa ya riƙe. Wani dare da ƙarfe uku tunanin nan ya dawo da ƙarfin da ya tsorata ni, na rubuta wa jagoranmu shi kaɗai. Ya kira nan take. Bai yi kewaye-kewaye ba, ya tambaye ni ƙarara ko ina tunanin kashe kaina. Na ce e. Bai yi salati a kaina ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya tsaya a kan layi har na tashi abokin zamana ɗaya, ya sa na adana lambar agajin gaggawa, wadda a lokacin doguwa ce. Tun 16 ga Yulin 2022 ta koma 988, a kira ko a aika saƙo, dare ko rana, kyauta. Sannan ya ce, "Mu 'yan'uwanka ne, amma ba asibiti ba ne. Gobe za mu nemi likita."

Na yi zaton ni kaɗai ke gudun likita, sai na tarar su ma da nasu dalilin, kuma ya fi nawa nauyi. Wani da kakansa ɗan Alabama ne ya ba mu labarin Tuskegee, wani gari a can Alabama, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa bibiyar maza baƙaƙen fata 600, kusan 400 daga cikinsu masu ciwon tunjere, aka ƙi yi musu magani ko bayan an samu fenisilin, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. Ya ce a gidansu da wannan labarin ake rainon yara. Ga kuma ƙarancin masu kama da kai a aikin: ƙididdigar 2015 ta nuna baƙaƙen fata ba su wuce kashi 4 cikin 100 na masana halayyar ɗan'adam a Amurka ba, alhali sun kai kashi 13 na jama'ar ƙasar. Ni likita mace na samu, farar fata, ta bidiyo, da tafinta mai Faransanci, kuma ta saurare ni da kyau. Ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani haɗe da firgici. Ta ba ni ƙwaya, ta ce kada in sa ran ganin canji kafin mako huɗu zuwa shida. Makonnin farko na sha tashin zuciya, na so in watsar, 'yan zaure suka riƙa tambayata kowace safiya ko na sha. Wata goma sha huɗu na yi a kai, aka rage a hankali har aka tsayar. Tare da haka ina ganin mai ba da shawara, wanda ya koya mini in rubuta mugun tunani in ya zo, in tuhume shi kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

Zuciyata ba ta kwanta da maganin ba sai da na tambayi wani limami. Ya ce, "Ɗana, Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Ka taɓa jin wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni?" Ya tuna mini hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ya ce in sha ƙwayata, in riƙe azkar ɗina.

Inna ce ta ƙarshe da na gaya wa. Na ce, "Inna, ba ni da lafiya, amma ba ciwon jiki ba ne." Ta yi shiru har na duba ko layi ya katse. Ita ma ba ta kiran sunana. Ta ce, "Yayansu, ai na sani. Tun azumi muryarka ta gaya mini, daga baya ma ka ɗauke muryar. Kuɗi kake aikowa, ni kuwa kai nake jira."

Ba kowa zauren ya riƙe ba. Ɗalibin Atlanta ya daina shigowa a farkon 2021, lambarsa ta daina shiga, har yau nakan duba sunansa in ga ko ya yi motsi. Wanda ke cikin waya ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Kuma wayar da ta kawo mini waɗannan mutane ita ce ta nuna mini mutuwar George Floyd dare bayan dare, sai da na koyi ajiye ta nesa da gado. Ni ma har yanzu akwai makon da nake faɗin huɗu, sai dai yanzu gaskiya nake faɗa.

A watan Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a Bronx, ta ci mutum 17, takwas yara, yawancinsu 'yan Gambiya. A wurin jana'iza na ga samari tsaye da busassun idanu, na san gobe da safe za su hau keke. Na gane tsayuwar. A makon na tara abokan aikina shida masu jin Hausa, 'yan Nijar da Gana da Najeriya, muka buɗe zauren saƙon murya. Da na ce musu na lafiyar ƙwaƙwalwa ne ba wanda zai zo, don haka na kira shi fada, kamar wadda muke yi a gida a gindin butar shayi. Na gwada tambayar lamba, kowa ya ce goma, alhamdulillahi. Sai na koma tambayar mai aski: awa nawa ka yi barci jiya? Wannan kam suna amsawa. In mutum ya ce biyu kwana uku a jere, sai in kira shi a gefe. Mutum biyu na raka wurin likita zuwa yanzu.

Bara, wani dare bayan isha'i, Kawu ya ce in fito yana ƙasa. Na shiga tasin na zauna a gaba. Ya daɗe yana murza carbi bai kunna mota ba. Yana da ɗa da aka haifa a nan, shekararsa 19, ya bar makaranta, wata huɗu ke nan ba ya fitowa daga ɗaki sai in kowa ya yi barci. An yi tofi, an yi sadaka, an yi faɗa. Kawu na kallon titi ya ce, "Yaro, mutanen nan naka na cikin waya, suna karɓar ɗan shekara sha tara?"

Na ce, "Suna karɓa, Kawu. Amma likita ma zai gani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kada kowa ya ji."

Na ce, "Ba wanda zai ji."

Ya miƙo mini wayarsa, na shigar da lambar jagoranmu, na sa 988 a ƙarƙashinta.